Fetur a cikin guga: yadda malalar mai ta cinye rijiyoyin Ogale

A Nsisioken Ogale, wata unguwa ta ƙasar Ogoni a ƙaramar hukumar Eleme ta Jihar Ribas, masu bincike na hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, sun huda ƙasa har suka cimma ruwan da ke shayar da rijiyoyin unguwar. Abin da suka tarar shi ne tataccen mai kwance a kan ruwan, kaurinsa santimita 8, wajen faɗin yatsu huɗu ke nan. Ba ɗanyen mai ba ne, irin baƙin nan da muka saba gani a hotunan Neja Delta ya liƙe wa itatuwa da kwale-kwale. Mai ne da ya riga ya bi ta matata, ɗan'uwan wanda tanka ke ɗaukowa ta sauke a gidajen man Kano da Gusau.

Da aka gwada ruwan rijiyoyin, sai aka sami sinadarin benzin, ɗaya daga cikin abubuwan da ke cikin fetur, ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya fiye da sau 900. Iyakar kuwa maikrogiram 10 ce a cikin lita guda. Benzin ba abin wasa ba ne, likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa sankarar jini. Da wannan ruwa ake girki, da shi ake wa jarirai wanka, shi ake sha. Kuma ba wai mutanen ba su sani ba ne. Hanci kawai ya isa ya gaya wa mutum abin da ke cikin gugarsa. A garuruwan Ogoni da dama abin da mazauna suka faɗa wa masu binciken bai wuce magana ɗaya ba: sun sani, amma ba su da wani ruwan.

Kusa da unguwar akwai bututun kamfanin NNPC mai ɗaukar tataccen mai, kuma an danganta gurɓatar da wata malala da ta auku fiye da shekara shida kafin binciken. A cikin ruwan an ga wani sinadari da ake kira MTBE, wanda ba a samunsa a ɗanyen mai, a matata ake zuba wa fetur shi. Shi ya nuna asalin man. Abin lura a nan shekarun ne. Damina shida ta zuba a ƙasar da ruwan sama ba ya wasa, rana ta yi nata aikin, ciyawa ta sake tsirowa, amma man yana nan a ƙasa bai je ko'ina ba.

Wannan duk yana cikin rahoton da UNEP ta miƙa wa Shugaba Goodluck Jonathan ranar 4 ga Agusta, 2011. An shafe wata 14 ana aikin a ƙananan hukumomin Ogoni huɗu, Eleme da Gokana da Khana da Tai. An leƙa wurare sama da 200, an gwada samfur sama da 4,000, an haƙa rijiyoyin gwaji 142, an ɗebo ƙasa daga ramuka 780. Tarihin rigimar Ogoni da Shell sananne ne: kamfanin ya daina haƙar mai a yankin a 1993, gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamban 1995. Ba shi ne batunmu ba. Abin da ya sa Ogale ta cancanci nazari shi ne, wuri ne da aka auna, aka rubuta, aka kuma ga abin da ya biyo baya shekara da shekaru.

Idan fetur ya zube a ƙasa, kashi uku yake rabuwa. Wani ya bi iska, shi ne warin da ke cika wuri, shi ne kuma ke kama wuta. Wani ya maƙale a jikin ƙwayoyin ƙasa yayin da yake nutsewa. Ragowar ya ci gaba da gangarawa har ya iske ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da yake ya fi ruwa sauƙin nauyi, ba ya nutsewa a ciki, sai ya kwanta a sama kamar manja a kan miya, ya bazu gefe da gefe. Daga nan kuma sai a hankali benzin da 'yan'uwansa su riƙa narkewa a cikin ruwan, ruwan kuwa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, sannu sannu, zuwa inda ƙasa ta karkata. Duk mai rijiyar da ke kan hanyarsa ya shiga ciki, ko da gidansa na nesa da inda aka yi ɓarin.

Akwai wani abu kuma da ke ƙara dagula aikin. Ruwan ƙasa ba ya zama wuri ɗaya. Da damina ya taso, da rani ya ja baya, duk mai haƙar rijiya ya san wannan. Man da ke kwance a kansa yana hawa da sauka tare da shi, yana shafe ƙasar da ke tsakani. Bayan 'yan shekaru sai ka ga ba layi ɗaya na mai ba ne, wani kaurin ƙasa ne guda ya jiƙe da shi, kuma kowace damina ruwa ya taso ya sake wanko guba daga ciki. Wannan ne ya sa ko ka kwashe ruwan rijiya ƙarƙaf, ka yashe ta, gobe warin ya dawo. Yanayin ƙasa shi ke yanke saurin abin: rairayi yana sakin mai ya wuce nan da nan, yumɓu yana riƙe shi.

A kan maganar yumɓun nan ne aka tafka babban kuskure a ƙasar Ogoni. Hanyar da Shell ya daɗe yana bi a wuraren da bututunsa ya zubar, wadda ake kira RENA, ita ce a kwashe man da ke sama, a kafce ƙasa, a zuba taki, a yi kunya-kunya, a riƙa juyawa lokaci zuwa lokaci. Hikimar ba ƙarya ba ce. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu, bakteriya, da ke cin mai idan sun sami iska da laima da sinadaran taki. Amma an gina hanyar a kan zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu a ƙasa da za ta tare mai kada ya yi zurfi. UNEP ta ce zaton bai tsaya ba. A lokuta 49 ta sami mai a zurfin mita 5 ko fiye, wajen gaba uku a lissafin masu haƙar rijiya. Garma ba ta kai can, iska ma ba ta kai. Sama ta yi kyau, har a ɗauki hoto, ƙasa kuwa tana nan yadda take.

Cikin wurare 15 da takardun kamfanin suka nuna an kammala gyaransu, waɗanda UNEP ta koma ta gwada, 10 sun wuce iyakar da kamfanin da gwamnati suka sa wa kansu. A Ejama-Ebubu, nan cikin Eleme, an sami gurɓata mai tsanani shekara 40 bayan malalar da ta jawo ta, duk da an sha yunƙurin gyarawa. A ganina wannan shi ne mafi nauyin abin da ke cikin rahoton, fiye ma da adadin benzin. Wurin da ba a taɓa ba, kowa ya san yana jiran aiki. Wurin da aka ce an gama, aka sa hannu, aka rufe fayil, babu mai sake waiwayarsa.

Yaya aka yi ake sa hannun? A ƙa'idojin da tsohuwar hukumar kula da albarkatun mai, DPR, ta fitar akwai lambobi biyu. Miligiram 5,000 na mai a kilo ɗaya na ƙasa shi ne matakin da ke wajabta a tashi a yi gyara. Miligiram 50 shi ne inda ake so a mayar da ƙasar. Tsakaninsu ninki ɗari ne. Sai aka wayi gari ana ɗaukar lambar farko a matsayin ta kammalawa: da zarar an sauko ƙasa da 5,000, an gama. DPR da NOSDRA, hukumar da aka kafa a 2006 don sa ido kan malalar mai, kowacce da irin fassararta. Ga kuma abin da rahoton ya fito da shi ƙarara, cewa jami'an sa idon sukan dogara da kamfanonin mai ne wajen abin hawan da zai kai su wurin da za su duba. Wanda ya ɗauko ka a motarsa, da wuya ka ce aikinsa bai yi ba.

To mene ne aikin gaskiya a wuri irin Nsisioken? Farkonsa ba ƙasa ba ce, mutane ne: a raba su da ruwan, a ba su wani. Sannan a tabbatar an toshe inda man ke fita, don babu amfanin share ɗaki rufin na yoyo. Daga nan sai awo, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa domin ba ya ɗaukar ido. A huda ramuka a jere, daga tsakiyar wurin zuwa waje, a ɗebi ƙasa a zurfi daban-daban, har sai an kai inda gwaji ya nuna babu komai, ta gefe da ta ƙasa. A sa rijiyoyin gwaji a san ina ruwan ya nufa. Wanda ya kawo katafila kafin ya yi wannan, da ka yake haƙa.

Bayan an san girman ciwon sai magani, kuma ba iri ɗaya ba ne. Man da ke kwance a kan ruwa da famfo ake tsotse shi, a hankali, wata da watanni. Ƙasar da ta jiƙe, inda za a iya haƙewa, a haƙe a kai inda za a sarrafa ta. Inda gidaje suke, ba dama a haƙe, sai a kafa bututu masu huji a cikin ƙasa a riƙa zuƙo tururin man da inji, wani lokaci a hura iska cikin ruwan ƙasa don ta kore sinadaran su taso a kama su. Fetur ya fi ɗanyen mai amsa wannan dabara, saboda saurin tashinsa. Ruwan kansa a jawo shi, a tace da gawayi na musamman. Kuma ko an ga alamar nasara, gwaji ba ya tsayawa sai an ga rani da damina sun zagayo sakamakon bai sauya ba. UNEP ta ƙiyasta cewa farfaɗo da ƙasar Ogoni baki ɗaya zai ci shekara 25 zuwa 30, ta kuma nemi a ware dala biliyan 1 don shekara biyar ta farko.

Ga Nsisioken kuwa, ba ta ma jira ranar miƙa rahoto ba wajen sanar da hukumomi, domin abu ne na gaggawa. Cikin matakai takwas na gaggawa da ta zayyana akwai samar da ruwan sha ga gidajen da abin ya shafa, da kafa alluna a bakin rijiyoyin da suka gurɓata, da gwada sauran rijiyoyin da ke kewaye, da rubuta sunayen duk waɗanda suka sha ruwan don a riƙa bibiyar lafiyarsu. An fara kai ruwa a tankoki. A 2013 an buɗe wani aikin ruwan famfo a Eleme. Mazauna sun sha kokawa cewa ruwan yau akwai gobe babu, wani lokaci ya ɗauke na tsawon lokaci. Mace mai yara biyar, famfo ya ƙafe, rijiya na tsakar gida, allon gargaɗi ba zai dafa mata abinci ba.

Gwamnati ta kafa shirin HYPREP a 2012 don aiwatar da rahoton, amma bai taɓuka abin kirki ba. Ranar 2 ga Yuni, 2016, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya je garin Bodo a ƙasar Ogoni ya ƙaddamar da aikin a madadin Shugaba Buhari, lokacin Amina Mohammed na ministar muhalli. 'Yan kwangila ba su shiga filayen farko ba sai a 2019. Shekara takwas ke nan daga ranar da aka ce gaggawa. Kuma da aka tashi, wuraren da aka kasafta a matsayin masu sauƙi aka fara da su, inda gurɓatar ta fi yawa a ƙasa ba a ruwa ba. Akwai hujjar yin haka, ma'aikata su koyi aiki kafin su tunkari mai wuya. Amma sakamakonsa shi ne unguwannin da suka fi kowa shiga haɗari, masu mai a ƙarƙashin ɗakin kwana, su aka bari a baya.

Hanyar da HYPREP ta ɗauka ta fi ta dā a takarda. A kusa da filin ake gina wani faffaɗan kwarmi, a daddaɓe shi, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri, a liƙe haɗinta da zafi, a karkatar da gindinsa zuwa wani rami da zai tara ruwan da ke tsatsowa. Katafila ta haƙo gurɓatacciyar ƙasa, tifa ta juye a ciki, a baje, a fesa ruwan taki da bakteriya, a riƙa juyawa don iska ta shiga. Bayan makonni a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji. In ya sauko yadda ake so, a mayar da ƙasar raminta. Aikin yana yi, in an yi shi. Amma kowane mataki yana da ƙofar ha'inci: ledar da ta yage ba a sauya ba, ramin da aka tsaya da haƙarsa tun ba a kai ƙarshen man ba, samfurin da aka ɗebo daga gefen da aka san ya fi tsabta, ɗakin gwajin da ba shi da na'urar da ya ce yana da ita.

A watan Yunin 2020, Amnesty International da wasu ƙungiyoyin kare muhalli suka fitar da rahoton cewa kashi 11 cikin 100 kawai na wuraren da aka tsara aka fara aiki a kansu, babu ko ɗaya da aka kammala, kuma 11 daga cikin kamfanoni 16 da aka ba kwangila ba su da wata rajistar ƙwarewa a wannan fanni. A Disambar 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa wasu takardun cikin gida da suka nuna jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna kokawa kan zaɓen 'yan kwangila da ingancin gwaje-gwaje. HYPREP tana cewa ta kammala filaye da dama, NOSDRA ta ba da shaida, ta kai ruwan famfo garuruwa, ta dasa itatuwan bakin teku. Wasu daga cikin ayyukan ana ganinsu da ido. Sai dai tambayar Nsisioken ba ta ido ba ce, lamba ce: maikrogiram nawa na benzin ke cikin lita ɗaya ta ruwan rijiya yau, kuma wa ya auna?

Mutanen Ogale, ƙarƙashin sarkinsu Emere Godwin Bebe Okpabi, sun kai Shell ƙara Landan a 2015 tare da mutanen Bille, wani gari a Jihar Ribas, kan malalar da suke dangantawa da bututun kamfanin da suka ratsa ƙasarsu. An kwashe fiye da shekara biyar ana jayayya kan ko kotun Ingila ma tana da hurumi, sai a Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce a ci gaba. Shell na cewa akasarin malalar aikin ɓarayin mai ne da masu tace shi a daji. A Maris ɗin 2025 ya kammala sayar da reshensa na kan tudu ga kamfanin Renaissance. A ƙasa ɗaya ga bututun NNPC, ga na Shell, ga masu fasa bututu, kowa na nuna ɗan'uwansa, ruwan ƙasa kuma ya gauraya nasu duka.

Wanda ke zaune a Arewa zai iya cewa mu ba mu da rijiyar mai. Amma man da aka samu a ƙarƙashin Nsisioken shi ne ke bin titunanmu dare da rana, lita 33,000 ko 45,000 a bayan kowace tanka. A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, man ya taru a magudanar ruwa, jama'a suka fito ɗiba, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Ranar 18 ga Janairu, 2025, aka sake irinsa a mahaɗar Dikko a Jihar Neja. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Daga 1 ga Maris, 2025, hukumar NMDPRA mai sa ido kan sufuri da sayar da mai ta hana tankoki masu lita 60,000 ɗaukar mai. Muhawarar da ta biyo baya ta rayuka ce da tsadar rayuwa da lalacewar hanya, kuma haka ya kamata. Amma tankokin da ke faɗuwa ba tare da wuta ba sun fi yawa, ba sa shiga labarai. A janye motar, a watsa yashi a kan kwalta, wani lokaci 'yan kwana-kwana su wanke titi, su kora man cikin lambatu, motoci su ci gaba da wucewa. Ko inda wuta ta ci, abin da ke sama ta ci, ba ta bin wanda ya riga ya nutse.

Bambancin tanka da bututu alheri ne ga mai son gyara. An san ranar, an san wurin, an san lita nawa aka ɗauko, an san mai motar. A kwanakin farko man bai yi nisa ba. Idan aka tare bakin kwalbati da buhunan ƙasa, aka tsotse wanda ya taru, aka haƙe ƙasar gefen titi da ta cikin lambatu har inda na'urar auna tururi ta yi shiru, aka tara ta a kan leda aka rufe, aka gwada gindin ramin kafin a cike shi da sabuwar ƙasa, galibi magana ta ƙare a tifa kaɗan. Sai a bi rijiyoyi da burtsatsen da ke kusa da gwaji, a maimaita bayan damina. A ƙasa mai rairayi, ko a fadama irin ta kwarin Haɗeja inda masu noman rani ke samun ruwa a 'yan mitoci, kwanakin nan ba su da yawa.

Doka ta ɗora nauyin a kan wanda ya zubar. Dokar NOSDRA ta 2006 ta ce a kai rahoto cikin awa 24, wanda ya ƙi a ci shi tarar naira 500,000 a kowace rana. Tarar ƙin gyara wurin kuwa naira miliyan 1 ce. A farashin naira 1,000 kowace lita, wanda fetur ya kai a watan da aka yi gobarar Majiya, man da ke cikin tanka ɗaya mai lita 45,000 ya kai naira miliyan 45.